Ina Kakanninmu Suka Nufa? Neman Sawun Dangin da Suka Bar Ƙasar Kance

Da wuya a zauna hirar dangi da tsofaffi a Matamaye, hirar ta yi nisa, ba a ambaci wani da ya tafi bai dawo ba. Wani ƙanen kaka ya kama hanyar gabas da ƙafa da niyyar sauke farali, tun daga ranar shiru kake ji. Wani ya bi fataken goro zuwa Gwanja, aka ce ya yi aure a can. Wata goggo an kai ta aure ƙasar Daura tun kafin iyaka ta zama iyaka, 'ya'yanta yanzu 'yan Najeriya ne, ko sunan ƙauyen uwarsu ba su riƙe ba. Akan faɗi irin wannan labari a taƙaice, a yi wa mai shi addu'a, a ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, a shiga wata magana. To amma in wani jika ya tashi haiƙan yana son sanin inda mutanen nan suka nufa, da abin da ya same su, da ko sun bar baya, ta ina zai fara? Akwai ma abin da zai samu kuwa, ko wahalar banza zai yi?

Masu cewa wahalar banza ce suna da hujja ɗaya: wai wannan aikin Turawa ne, su da ke da takardu, mu kuwa ba mu da su. Shi ya sa ya kamata a dubi mutanen Ailan, domin kaf Turai ba a faye samun al'ummar da ta watse a duniya kamarsu ba, ba a kuma faye samun wadda ta ƙwallafa rai kan neman asali kamar jikokinsu ba. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin da talakawansu suka dogara da shi. Kafin 1852 yunwa da cututtukan da ke biye da ita sun kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan ɗaya sun hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya, a ƙasar da ƙidayar 1841 ta ba ta mutum miliyan takwas da 'yan kai. Yau Amurkawa sama da miliyan 30 ke cewa jininsu na Ailan ne.

Sai dai su ma ba a shimfiɗa musu tabarma ba. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, gidan ajiyar takardun gwamnati da ke birnin Dublin ya ƙone, takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka tafi, sai 'yan gutsattsari. Rajistar haihuwa da mutuwa ta kowa da kowa kuwa sai 1864 aka fara ta, wato bayan yunwar ta riga ta kwashe waɗanda za ta kwasa. Abin da mai bincike ke yi shi ne tsince-tsince: littafin baftisma na cocin ƙauye, jerin masu biyan kuɗin ƙasa da aka tattara tsakanin 1847 da 1864, sunayen fasinjojin jirgi, rajistar tashar Ellis Island da aka buɗe a 1892, rubutun kan kabari, wasiƙar da wata kaka ta adana. Kuma duk ƙwararrunsu shawara ɗaya suke bai wa sabon shiga: kafin ka taɓa takarda, je ka tambayi tsofaffin gidanku sunan ƙauyen da aka fito, don in ba ka san ƙauyen ba, mutum ɗari ne ke da irin sunan kakanka. Ashe ko a can ma da baki ake farawa.

Mu nan ƙasar Kance muna da misalin da ya fi na kowa ban mamaki, ko da yake yaranmu kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Dorugu ɗan Kwage Adamu an haife shi wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Ubansa makaɗi ne, manomi. Yana yaro aka kama shi bawa, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa ta Barno, inda wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Chadi a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Tare suka je Tambutu, suka dawo, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855. A Ingila wani malamin mishan mai suna Schön ya zaunar da shi, yana faɗi da Hausa ana rubutawa, kuma labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da karatun boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin nasa da Turanci.

A duba da kyau. Attajirai nawa aka yi a ƙasar Kance a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, masu dawaki da bayi da rumbuna, waɗanda yau ko jikokinsu ba su iya kawo sunayensu? Amma ɗan makaɗin da aka sayar, mun san ƙauyensu, mun san sana'ar ubansa, mun san garuruwan da ya bi ɗaya bayan ɗaya. Ba don yana da takardar haihuwa ba, ai babu ita a lokacin. Don kawai wani ya zauna ya saurare shi, ya rubuta, tun yana da rai kuma tun bai manta ba.

Kafin mai bincike ya fara, yana da kyau ya san manyan dalilan da suka riƙa fitar da mutane daga wannan yanki, domin kowane dalili da inda yake kai mutum, da irin sawun da yake bari. A ƙarni na 19 akwai hare-hare da bauta, waɗanda suka kai mutanenmu Barno da Kano da ƙetaren hamada. Akwai fatauci, musamman na goro zuwa Salaga da Kumasi. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, aka raba ƙasar da asalinta ke haɗe da Daura gida biyu. Daga nan sai gudun lanho da aikin tilas da ɗibar soja, inda gida guda kan kwashe cikin dare ya koma ɓangaren Ingilishi, har dai aka soke aikin tilas a 1946. Ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ga farin shekarun 1973 da 1974, ga yunwar 1984 da mutane suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ga siyasa: bayan rikicin Sawaba na 1964 mutane da dama sun tsallaka, wasu ba su sake kwana a gida ba. Sannan ga cin rani na kowace shekara, wanda wani lokaci kan rikiɗe ya zama zama na dindindin ba tare da mai shi ya yi niyya ba.

Waɗannan shekaru su ne ma'aunin mai bincike. Tsohuwa ba za ta ce maka an haifi wane a shekara kaza ba. Za ta ce ana goyonsa aka yi yunwa kaza, ko ya yi auren fari shekarar da soja suka karɓi mulki daga Diori, wato 1974. Aikinka ne ka ɗora wannan a kan kalanda. Sunaye ma suna taimakawa: Ɗan'azumi da Marka da Nomau suna faɗin lokacin haihuwa, Tanko da Kande suna faɗin waɗanda aka bi, Auta na faɗin matsayi a ɗaki. Amma sunayen nan su ne kuma babban tarko. Ba mu da sunan gida da ake gada kamar na Turawa. Mutum sunansa da na ubansa, jikansa kuma ya ɗauki wani daban. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin na miji, wanda aka yi wa takwara da kaka sai a kira shi Abba ko Baba har ya tsufa. Sai ka iske mutum guda da suna uku, na yanka da na gida da wanda aka san shi da shi a bariki. In ya je Najeriya makaranta, a liƙa masa sunan gari. In ya je Gana, ya zama wane Zinder ko wane Hausa. Wanda bai tattara dukan sunayen ba zai wuce kakansa a takarda bai gane shi ba.

Akwai kuma shaidun da ba na baki ba ne, ba kuma na takarda ba. Tsagar fuska na ɗaya daga ciki, kuma tsofaffin wanzamai na iya duban aska su ce wannan ta gidan wane ce, ko ta mutanen ƙasa kaza ce. Yanzu ba a cika yi ba, masu karanta ta ma suna ƙarewa. Maroƙa da makaɗan sana'a suna riƙe da jerin iyaye a cikin kirarin gidaje, na maƙera da mahauta da majema da sarakai. Wasan barkwanci ma shaida ne: in ka ga gidanku na wasa da Fulani tun kaka da kakanni, sai ka bincika ko akwai jinin Barebari. A gidajen malamai kuwa akan tarar da haihuwa da rasuwa a rubuce da ajami a bangon kundi ko a wata takarda da aka soke cikin gafaka, wani lokaci har da wasiƙun da alhazai suka aiko daga hanya. Gidajen da suka yi 'yan cin rani a shekarun 1970 da 1980 su duba ƙasan akwati, mai yiwuwa akwai kaset ɗin saƙon murya da aka aiko da shi ta hannun direba.

Sai dai fa baki yana da nasa son kai, kuma gara a faɗa. Kusan duk gidan da ka tambaya, daga gabas suka fito: in ba Barno ba, to Makka ko Bagadaza. Kowa jikan malami ne ko ɗan sarkin da ya rasa sarauta ya yi fushi ya bar gari. Ba wanda kakansa ya zo a ɗaure. Alhali kuwa ƙasar da aka yi cinikin bayi a kasuwanninta har farkon ƙarni na 20, dole wasunmu jikokin waɗanda aka saya ne, wasunmu kuma jikokin masu sayen. Wannan shi ne wurin da bincike kan zama abin tsoro, domin har gobe maganar asali na iya ɓata aure. Ra'ayina shi ne mai bincike ya nemi gaskiya don kansa da 'ya'yansa, amma ba shi da hurumin tona asirin gidan wani, kuma abin da tsoho ya faɗa masa bisa amana ya tsaya a amana. Wani son kan kuma shi ne na mantawa da mata. Ana iya jero maka iyaye maza bakwai, a kasa faɗin ƙauyen da aka auro kakarka ta biyu. Ga shi kuwa a wannan yanki mata su ne suka fi ƙaura, tunda kowace amarya barin gida take yi, kuma ta wajensu ne zumuncin Kance da Daura da Zango da Mai'aduwa da Kazaure ya ƙullu. Wanda ke son labarin nan ya zauna da tsofaffin mata, kuma ya tambaye su ɗaya-ɗaya, don a gaban jama'a kowa labarin da aka saba ji yake maimaitawa.

Takardu fa? Akwai su, sun ma fi yadda ake zato yawa, illa dai a warwatse suke, kuma ba don mu aka rubuta su ba. Nasara ya ƙirga mutane ne don ya san yawan lanhon da zai karɓa da yawan ƙartin da zai ɗiba. Littattafan ƙidayar kwamandan sukan bi ƙauye-ƙauye da gida-gida, da sunan maigida da matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa. Rahotannin rangadi sukan ambaci ƙauyen da ya watse da inda mutanensa suka gudu. Irin waɗannan ana neman su a gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Yamai, wasu a Dakar inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa ya zauna, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Ga wanda danginsa suka tsallaka kudu, akwai gidan ajiyar takardu na Kaduna da Arewa House, inda rahotannin haraji na gundumomin Daura da Katsina da Kano suke. Wanda kakansa ya yi sojan Faransa ya fi kowa sa'a, don littafin soja kan ɗauki sunan uba da na uwa da kanton da aka fito. A Yamai kuma cibiyar IRSH na riƙe da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda Boubou Hama ya yi ɗawainiyar fara tarawa, ga kuma cibiyar CELHTO da aka kafa a 1968 don adana tarihin baka.

Littattafan masana suna ba da shimfiɗa, ba su ba da sunan kakan talaka. Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya shata iyaka, ya tattara jerin sarakunan yankin daga bakin fadawa, aka buga a Faris a 1911. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, M. G. Smith ya yi na Daura a 1978. William Miles kuwa ya zauna a Yardaji ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ƙauyuka biyu maƙwabta da iyaka ta raba, ya fitar da littafinsa a 1994.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ke rubuce gaskiya ne. Maigidan da ya san ana ƙirga kai ne don haraji, ɓoye 'ya'ya yake yi. Tafinta ya ji suna da kunnensa, magatakarda ya rubuta da harafin Faransanci, Mamman ya zama Mamane a nan, Mahaman a can, a Kaduna kuma Muhammadu. Shekarun haihuwa yawanci kintace ne, shi ya sa ake ganin tulin mutane da takardunsu ke cewa an haife su ranar 1 ga Janairu, ko kuwa "wajajen" shekara kaza. Wasu an rage musu shekaru don shiga lakwal, wasu an ƙara don ɗaukar aiki. Ƙa'idar ita ce kada a yarda da baki shi kaɗai, kada a yarda da takarda ita kaɗai. Inda suka haɗu, nan ake kafa ƙafa.

Sawun da ya fi wuyar bi shi ne na gabas. Alhazan ƙafa sukan bi ta Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wadda yanzu ita ce Njamena, su wuce Abeshe da Janaina da Fashir da Ubayyid har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa suna noma ko ƙwadago don guzuri. Tafiyar kan ci shekaru, da yawa kuma a Sudan suka tsaya. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu Shuɗi, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, kuma gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 sun riƙe dubban Hausawa. Jikokinsu na nan suna jin Hausa, wasu unguwanninsu ma da sunan garuruwan da aka baro ake kiran su. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sake tarwatsa da yawa daga cikinsu, ya kuma sa neman ya ƙara wuya. Ta yamma kuwa da ɗan sauƙi, domin zangunan Kumasi da Akra suna da sarakunan ƙabilu da limamai da suka san wane ɗan wane ne, ko da yake korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969 ta yanke zumunci da yawa. A nan wayar hannu ta yi rana. Saƙon murya guda a WhatsApp, mai ɗauke da sunan ƙauye da sunayen iyaye uku da irin tsagar gida, yana iya zagaya zango cikin kwana biyu. Gwajin jini na DNA da ake tallatawa kuwa, ga tsada, ga shi sau da yawa iyakarsa ya ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne, abin da ka riga ka sani.

Duk wannan maganar jiya ce. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaurar yau, wadda ke neman ta fi ta kakanni rashin sawu. Gundumar Kance, mai kusan mutum dubu 400 a ƙidayar 2012, tana cikin mafi cunkoso a Nijar, gonaki sun tsuke, kuma ta yi suna wajen tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka fito. A can aka binne su. Tun daga Disamban 2014 ake maido da mutane daga Aljeriya cikin ayarin motoci. Yaro nawa aka haifa a Tamanrasat ko a hanya, ba takarda a can, ba takarda a nan? Fasinjan jirgin Ailan da ya nufi Amurka a 1850 aƙalla an rubuta sunansa a tashar da ya sauka. Wanda ya hau bayan mota a Arlit cikin dare ba wanda ya rubuta nasa.

Don haka aikin iri biyu ne, kuma ba wanda ke jiran gwamnati ko masani daga waje. Iyaye su kai sunan jariri meri ko wurin da aka tanada a ƙauye ko likita, tun cikin wa'adi, lokacin da yin takardar haihuwa kyauta ne, waɗanda suka makara kuma su nemi ta alƙali in an zo zaman yi wa jama'a takardu. Masu unguwanni da limamai su riƙe littafi ko da na ɗalibai ne, a rubuta wanda ya tafi da ranar da ya tafi da inda ya ce za shi. Matasan Matamaye da Kurni da Tsauni da Yawuri da Dungu da Ɗan Barto kuwa, ku da ke da waya a aljihu, ku je wurin kaka da goggo da kawu tun suna da ƙarfin magana, ku nemi izininsu ku ɗauki muryarsu. Ku tambayi sunan yanka da na gida, ku tambayi ƙauyen uwa kafin na uba, ku tambayi waɗanda suka tafi. Sannan ku kwafe abin da kuka ji a takarda, da boko ko da ajami, ku ba wani ɗan'uwa kwafi ya ajiye a wani gida daban.